Mai Zuwa Bayan Azahar

Baure, Litinin

Abdulbaƙi,

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da kwalayen da kake lodi a Chana. Ƙanwarka Rauda ke rubutawa, ita za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, don ban janye rantsuwata ba. Tunda ka yi mini ta'aziyyar mahaifiyarka ta waya, ni da kara waya a kunne har abada.

Lokacin cewa ka yi da nisa, kafin jirgi ya sauka an rufe ta. To ga shi tun makon jiya kullum sai ka zo bayan Azahar, ka zauna gefen tabarmata a zaure, ka matsa mini ƙafafu, ka tashi. Ashe nisan na ranar ne kawai. Ko gaisuwa ba ka yi, furar da ake dama maka ba ka taɓawa. In fushi ne, ai ni ya kamata in yi. Jiya ka nuna mini gabas da hannu, na gane so kake in shirya mu tafi. Ina za mu?

Mahaifinka,
Maiturare

Guangzhou, Talata

Baba,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da biyayya, wallahi Baba rabona da Najeriya tun sadakar arba'in ɗin Inna. Daga nan zuwa Addis Ababa kaɗai awa goma ne da ɗoriya a sama. A jira wani jirgin, a yi kusan biyar zuwa Kano, sannan a nemi motar Daura. Ba tafiyar da mutum zai leƙo kullum ya koma ba ce.

Na kira Rauda. Ta ce ita ba ta taɓa ganin kowa ba, sai muryarka take ji, kuma awakinmu sun daina bi ta zauren, katanga suke haurawa. Na sayi tikiti, Juma'a kafin Magariba ina gida in sha Allah. Don Allah a kira Liman ya yi addu'a. Ka koma kwana cikin gida. Wannan mai zuwar maka bayan Azahar, duk inda ya nuna maka kada ka bi shi, ka jira ni. Ka yafe mini, Baba.

Ɗanka mai biyayya,
Abdulbaƙi

Baure, Alhamis

Abdulbaƙi,

Salamu alaikum. Rauda ta karanta mini lissafin awanninka, tana kuka. Na hana a kira Liman.

Ka ɗauka tsufa ya cinye mini hankali? Tun ranar farko na san ba kai ba ne. Hannunsa sanyi kamar gindin randa, kuma kai ba ka taɓa matsa mini ƙafa ba. Amma shi yana zuwa.

Yau ya yi magana, da muryarka. Ya ce tafiyar gobe ce, in an sauko daga masallacin Juma'a. Na ce to. In jirgin naka ya fi shi sauri, ka same ni a zaure.

Allah ya kiyaye hanya.

Maiturare