Na Nemi Gyara, Aka Ba Ni Bokiti

Anti Safiyatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare. Kaina ya ɗaure, kuma maganar ba ta kaiwa gaban maƙwabta ba ce, don dariya kawai za su yi mini.

Ni matar aure ce a nan Sabo, Ibadan. Shekarata huɗu da zuwa daga Arewa, amma har yau Yarbancina bai wuce gaisuwa ba. Kunun aya da zoɓo nake yi a gida, maigidana ya ɗauka a kekensa mai ƙafa uku ya kai kasuwar Akinyele. Kin san halin kunun aya, zafi na taɓa shi ya yi tsami. Na sha tsiyaye roba talatin a kwata ina hawaye. To bara da na ɗauki adashi, maigida ya cika mini, muka sayi wani ɗan firij mai aiki da batir, irin wanda matafiya ke sawa a mota. Shi ake ɗaurewa a bayan keken. Tun da ya zo ban ƙara zubar da ko roba ɗaya ba. Wallahi ina son firij ɗin nan, kullum sai na goge shi kafin in goge madubina.

Ranar da muka saye shi a wani shago a Mokola, maigida ya tsaya wajen keke saboda babu wurin ajiyewa, ni na shiga. Da hannu da guntun Turancina na tambayi mai shagon, Bayarabe ne, ko akwai gyara. Sau uku ina maimaitawa. Ya yi dariya ya ce jara na nan, ya shiga ciki ya fito mini da ɗan bokitin roba mai murfi. Ni kuwa na ce kai, wannan mutum akwai kirki, ga alkawarin gyara ga kyautar bokiti. Na fito ina washe baki, na shaida wa maigida cewa duk ranar da firij ya lalace kyauta za a gyara mana, har abada. A kan wannan maganar ya zaro cikon kuɗin ba musu.

Makon jiya firij ya soma wani gurnani in an kunna shi, ko da yake yana sanyi. Na ja Sakinat, matar ƙanin maigida, haifaffiyar Sabo, mai jin Yarbanci kamar ruwa, muka koma shagon. Nan asirina ya tonu. Ashe su a wajensu jara ita ce gyaran da mai awo ke ƙara miki a kan mudu, ba gyaran abin da ya lalace ba. Bokitin nan shi ne gyarana! Sakinat ta yi dariya har sai da ta zauna a kan kwali, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai shagon ya ce garantin kamfani shekara ɗaya ne, kuma ƙarshen watan nan zai ƙare. In ina so, in biya a ƙara mini shekara biyu. Kuɗin ya kai ribata ta wata guda. Har yau ban faɗa wa maigida ba. Na san halinsa, ko da ya sayi waya aka yi masa irin wannan tayin cewa ya yi ba zai biya kuɗin maganin ciwon da bai zo ba. Ina tsoron in biya a cuce ni, ina tsoron in ƙi firij ya mutu in koma zubar da kunu. Anti, in saya ko in bari?

Mai Kunun Aya, Sabo, Ibadan.

*

Ƙanwata Mai Kunun Aya,

Ki yafe mini, ni ma sai da na dara. Amma ki cire kunyar nan. Kin yi tambayar da ta dace, ya ba ki amsa da gaskiyarsa, kalma ce ta raba ku. Kuma kin yi sa'a babba da ba ki lura da ita ba: gurnanin ya fara ne alhali garantin farko bai ƙare ba. Wato yanzu haka kina da hakkin a duba miki firij ɗin ba tare da kin biya ko sisi ba. Mai shagon ya hau tallar ƙarin shekara biyu, ke kuma kunya ta rufe miki ido, duk kuka manta da abin da ya kai ki.

Game da ƙarin garantin, maigidanki yana da gaskiyarsa. Mutane da yawa suna biya, shekarun su wuce abu bai lalace ba, wasu kuma in ya lalace a nuna musu wani layi a takarda a ce ba ya ciki. Ke ma kina da taki gaskiyar. Naki firij ba na ado ba ne, kullum yana shan girgiza a hanyar Akinyele, kuma ranar da ya tsaya sana'arki ta tsaya.

Saboda haka takarda ce za ta raba gardama, ba bakin mai shago ba. Ki karɓo takardar ƙarin garantin, Sakinat ta karanta miki layi-layi. Abin da za ki fi nema shi ne ko an rubuta cewa don amfanin gida kawai. In haka ne, ki riƙe kuɗinki, domin ranar da kika kai ƙara za su ce da shi kike kasuwanci, kuma ban yarda ki ɓoye musu hakan ba. Sai ki buɗe asusu, kullum ki jefa kuɗin roba ɗaya da sunan firij, ki kuma nemi amintaccen mai gyara tun kafin buƙata ta taso. In kuwa takardar ta amince da sana'a, ta haɗa da injin sanyin da kuɗin aiki, kuma a nan Ibadan ake gyaran ba sai an tura Legas ya yi wata biyu ba, to ribar wata guda ba ta yi yawa a kan kwanciyar hankalin shekara biyu ba. Ki saya.

Maigida kuma ki faɗa masa yau, da bakinki, bayan ya ci abinci. Zai yi dariya, wataƙila ya ɗan yi faɗa, amma ya fi ya ji daga baya a bakin wani. Dama shi zai ɗauki firij ɗin, kuma da kuɗinsa a ciki.

Kada ki jira ƙarshen wata. Gobe ki huta da jiƙa aya, ku ɗauki firij da rasit ku tafi ku uku, a kunna shi a gaban mai shagon ya ji gurnanin da kunnensa, a rubuta ranar da kuka kawo shi. Cinikin yini ɗaya za ki rasa, ki tsira da na shekaru.

Allah ya sa wa sana'arki albarka, ya bar ku tare cikin rufin asiri.

Taki,
Anti Safiyatu.