Haƙarƙarin Wule

Litinin, 15 ga Mayu

Na gama Wule. Sati uku ina gina ta cikin kwamfuta, daga kofato har tozo. Na sa mata ƙasusuwan da za ta riƙa motsi da su, na shimfiɗa fata, har tsagar kunnen hagu, shaidar gidanmu, ban manta ba. Ƙungiyar da ta ba mu aikin katun ɗin nan na koya wa makiyaya ajiye harawa saniya kawai ta ce, kowace iri. Ni kuwa tawa na yi. Jikar karsanar da aka ba ni ran sunana ce, tana can Turba cikin garken Kawu Labbo. Da hoton da na ɗauke ta bara waccan na yi aiki, kafin farin nan ya sa mu gaba.

Kawu ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Na san zancen.

Laraba, 17 ga Mayu

Fitowa shida ce a katun ɗin, uku nawa nan Sabon Birni, uku na Maliki, abokin aikina da ke Isa. Sabis ba ya ɗaukar fayil mai nauyi, sai na fitar da Wule a filash na ba Wakili direba ya kai masa.

Da la'asar Maliki ya kira yana ƙyaƙyata dariya. "Kadijatu, wagga saniya ta ko hwara?" Wai ta iso tsirara, ruwan hoda fau, ba ta fi fara girma ba. Na manta haɗa hotunan fatar cikin fayil, kuma ni da mita nake awo, shi da santimita. Laifina ne, na sani. Amma dariyar nan tasa kamar ta jaki, tir.

Asabar, 20 ga Mayu

Na gaji da yawon fayil. Na yi uwar fayil guda ɗaya mai ɗauke da Wule, na ɗaure duk fitowa shida da ita, kowace daga can take jawo saniyar. Abin da aka yi wa uwa, ya shafi kowa. Na aika komai Isa a filash. Sau uku na faɗa wa Maliki: in zai canza wani abu ya kwafa tukuna, kada ya taɓa uwar. Ya ce, "Na jiya, Malama." Mu gani.

Lahadi, 21 ga Mayu

Hadari ya haɗu gabas, iska ta watsa shi. Kawu kuma ya sake kira, ban ɗauka ba.

Alhamis, 25 ga Mayu

Innalillahi. Filash ya dawo. Na buɗe fitowa ta ɗaya, ta damina, inda na shuka ciyawa har gwiwa, sai ga wata ƙwarangwal tsaye tsakiyar kore. Haƙarƙari ɗai-ɗai a waje, tozo ya kife gefe, ƙugu kamar an rataya buhu a kan turke biyu. Da tsagar kunnen gidanmu!

Uwar ya taɓa. Duk fitowa shida yanzu wannan abar ce.

Na kira shi. Wai fitowa ta huɗu saniyar fari take buƙata, ya sha'afa bai kwafa ba. Na ce ba sha'afa ba ce, ƙazantar aiki ce, ya je ya kwaso mummunan hoto a intanet ya liƙa wa saniyata. Ya ce, "Ba intanet niɗ ɗauko ba." Na kashe wayar. Ba na son jin sauran.

Juma'a, 26 ga Mayu

Tsohuwar Wule tana nan a ɗayan filash ɗina. Minti biyu ya ishe ni in maida ta. Na zauna zan yi, sai na tsaya duba aikin nasa don in sami abin da zan ƙara zaginsa da shi.

Abin haushi, aikin ya yi kyau. Yadda fatar wuya ta zubo, yadda take jan ƙafar baya. Akwai gyambo a ƙugun hagu. Kuma bakin ƙahon dama a karye yake. Ni ban san ta da karyayyen ƙaho ba. Wa zai zauna ya ƙirƙiri wannan?

Ban maida ta ba. Gobe.

Asabar, 27 ga Mayu

Maliki ya turo hotuna huɗu, ba ko sallama. Ashe Turba ya je neman ramammiyar saniya da zai duba ya zana, Kawu ya kama hannunsa ya kai shi gindin wata aduwa. Wulena ce ta gaske. Ƙahon, gyambon, komai.

Har da saƙon murya da ya naɗo. Kawu yana cewa, "Ɗiyata, sai mutum huɗu ka tada ta da sahe. Taki ta, ba ni saida ta ba da bakinki ba. In ta kwanta ta mutu, ko naman ba a ci. Mi kika so in yi?"

Na tsani Maliki yau. Bare ya riga ni ganin ta. Ni ina nan sati uku ina goge mata tozo a kwamfuta, ina zaɓen launin kofato. Tir da wannan aiki, tir da mai yin sa.

Lahadi, 28 ga Mayu

Ba ruwa. Ban kunna kwamfuta ba.

Talata, 30 ga Mayu

Na kwance fitowa ta ɗaya daga jikin uwa, na sa tsohuwar Wule a can ita kaɗai cikin ciyawarta. Sauran biyar na bar su da ta Maliki. Aikin ne ya buƙaci haka, ba wai don ya yi daidai ba. Gyambon ma na ɗan gyara masa, a hoto ya fi nasa faɗi.

Na kira Kawu. Ya daɗe yana gaisuwa, bai tambayi abin da ya hana ni ɗauka ba, wannan ya fi zagi ciwo. Na ce ya yi magana da mahauci, amma ya jira ni in iso. Wakili zai tashi ƙarfe bakwai na safe.

Na biya kasuwa na sayi kanwa ƙulli ɗaya. Tana son ta.