Shinkafar da Salihu Ya Rubuta wa Suna

Yaya Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da su Anti Binta. Na ga hotunan masallacin da ka gina a Kano. Ya yi kyau, ba ƙarya. Ka ce in zo buɗewa. Ba zan zo ba, kuma a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, gaban mutane, zan faɗa maka dalili, tunda wayata ka daina ɗauka idan na taɓo zancen.

Ka tuna lokacin da ƙasashen waje suka zuba dala a babban bankin Yaman? Yaƙi ya karya kuɗinsu, abinci ya fi ƙarfin talaka. Aka ce duk mai shigo da shinkafa ko fulawa za a ba shi dala da rahusa, don farashi ya sauko. Ranar har rawa ka taka a sitonmu na Ras Al Khor, a nan ƙasar Larabawa inda muke kasuwanci. Ka ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya tsaga da rabonmu."

Kai da abokin cinikinka na can kuka karɓi dalar. A takarda shinkafa ce. A cikin kwantena tsofaffin tayoyi ne. Dalar kuma kasuwar bayan fage ta tafi. Ni ƙaninka, da hannuna na buga hatimin, don haka kada ka zaci wanke kaina nake yi.

Ka tuna Salihu, ɗan Yaman ɗin da ke tuƙa mana motar ɗaga kaya? Ya zo ya tarar an riga an rufe kwantenonin. Ya samo alli ya rubuta sunan garinsu a jikin ƙofa. Ya kira mahaifiyarsa yana murna, ya ce ta ƙara haƙuri, shinkafa na hanya, ta kusa yin araha. Kana tsaye. Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Habibi, ka sa mu a addu'a."

Tsohuwar ta yarda da ɗanta. Ta koma cin abinci sau ɗaya tana bar wa jikoki, wai kafin jirgi ya iso. A haka ta rasu. Ni na raka shi ɗakinsu a Sonapur, unguwar leburori, ranar da labarin ya zo, na kasa haɗa ido da shi.

Yaya, kai ka goya ni, kai ka biya min biza. Ina sonka, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Jiya na nuna wa Salihu hoton masallacin. Ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a har da hawaye, ya ce mutumin kirki ba ya ɓuya. Ban ce amin ba.

Allah ya ba ka tsawon rai da cikakken hankali. Allah ya sa duk lomar shinkafar da za ka kai baki, ka ga rubutun allin nan. Ni kullum ina ganinsa.

Ƙaninka,
Nasiru