Hannun Daman Sani

Zuwa ga Yaya Garba, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya? Yaya ciniki, yaya mutanen gida? Ciwon bayan nan naka ya yi sauƙi? Mu nan Jos lafiya lau.

Maganar ɗanka Sani ce ta sa na rubuto. Jifan biran nan da yake yi a gona ya bi shi makaranta, yanzu shi ke jefa musu ƙwallon kurket, wasan nan na Turawa da ake jefa ƙwallo a buge ta da katako. Akwai wani Baturen kamfanin kuza mai zagaya makarantu yana zaɓar wa ƙungiyarsu yara masu jifa. Ran Asabar ya sa Sani ya yi ta jifa har la'asar, sannan ya kama kafaɗarsa yana lallatsawa kamar mahauci zai taya rago. Ya ce ta bakin tafinta, "Wannan hannu namu ne." Malamai sai murna. Ni kuwa ban yi murna ba, don yaron da ya ɗauka bara, ɗan telan nan na Titin Bauchi, ya dawo ko almakashi ba ya iya riƙewa.

Na tambayi Sani, ya ce, "Baffa, ƙalau nake." Amma jiya na leƙa zaure na tarar yana cin tuwo da hagu, damar na kwance bisa cinyarsa.

Baturen zai dawo bayan Sallah neman amsa, ko za a ba shi Sani ya tafi da shi. Ɗanka ne, Yaya, ka aiko da magana da wuri. Ka gaida mai masaukinka da su Inna Hajara. A sa Sani cikin addu'a, uwarsa kuwa ba ta san wannan magana ba tukuna.

Ƙaninka,
Mamman