Baba Ya Shiga Faɗan Sinawa

Jidda, farkon Rajab

Zuwa ga ƙanwata A'i,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Kano baki ɗaya. Yaya ciwon kan nan naki? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, cikin alhini nake sanar da ke cewa sandar goge ɗaki ta gidan nan ta karye ranar Talata da hantsi, bayan doguwar hidima da ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta bar bokiti ɗaya da tsumma. Ba a bakin aikinta ta gamu da ajalinta ba, a hannun mahaifinmu ne, yana kai wa labulen falo sara da ita.

Bari in faro miki daga tushe. Kin san yadda Baba ya koma tun da aka rushe unguwarmu Karantina muka dawo wannan shagga, gidan bene a hawa na huɗu: ba maƙwabcin da ya sani, ba dakalin hira, daga gado sai taga. Ga faɗuwar da ya yi a banɗaki bara, wadda likita ya ce in aka sake irinta ƙashin ƙugun ba zai haɗu ba, sai kwanciya har abin da Allah ya yi. To a layin ganin likitan nan ne ya gamu da wani Ustaz Yunus, Basine Musulmi, wanda kakanninsa suka zo hajji suka zauna kamar dai namu. Wannan bawan Allah yana tara tsofaffi bayan sallar asuba a filin ajiye motoci na wani masallaci, yana koya musu faɗan Sinawa, wanda muke gani a fim muna yara. Baba, da shekarunsa saba'in da ɗoriya, ya shiga. Da ƙafa yake zuwa, kuma wurin ba kusa ba ne.

Na taɓa leƙa su daga cikin mota. Dattawa ne a jere, jallabiya a ɗage zuwa gwiwa, sun buɗe ƙafafu sun rage tsawo kamar masu sukuwa, alhali ba doki. Daga nan sai su shiga wani jerin motsi da aka haddace kamar karatu, sannu a hankali, sai ki ce a cikin kunu suke iyo. Kowane motsi da sunansa. Akwai farin zalɓe na buɗe fukafukai, akwai rungumar damisa a mayar da ita dutse. Na nemi littattafai na karanta a kan abin, don kada a ce jahilci ke sa ni magana. Marubutan sun cika shafuka da batun numfashi da natsuwa, amma ba wanda ya rubuta layi ɗaya a kan abin da ke faruwa in ƙugun tsoho ya gamu da tayil.

A gida abin ya fi tsanani. Zalɓe yana buɗe fukafukansa tsakanina da talabijin. Kuma kin san ba ni da bakin magana. Ni ne ɗan fari. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, ba ya duban idona, ko a sallar idi sai dai ya miƙa wa na kusa da ni hannu, ta ina zan ce masa ya sauke ƙafarsa? Komai tsakaninmu sai ta bakin matata Luba. Jiya ya ce mata ta gaya wa mai gidan nan, wato ni, cewa ana so ya riƙa zuwa filin da mutum. Na gane tafiyar ce ta fara isarsa. Na shirya da wani mai tasi ya riƙa kai shi yana dawo da shi.

Ki kira shi ki yi masa magana. Ke ce auta, taki yake ji. Luba tana gaishe ki.

Yayanki,
Abdulghaffar

Jidda, farkon Sha'aban

Zuwa ga A'i,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma jikin surukarki da sauƙi. Na ji saƙonki na murya, har da dariyar da kika zaci kin datse kafin ta shiga. Kin ce tunda yana cin abinci yana fita masallaci, in ƙyale shi. Daga Kano komai mai sauƙi ne.

To ga abin da ƙyalewar ta haifar. Sun wuce haddar motsi, sun shiga karawa. Mutum biyu za su tsaya fuska da fuska su haɗa wuyan hannu, wannan ya tura, wancan ya kauce ya mayar, har ɗaya ya rasa tsayuwarsa. Aka haɗa Baba da wani Thamer, tsohon direban tirela mai faɗin firji. Ya tura, Baba ya zauna daɓas a kan kwalta. Mai tasi ne ya riƙo shi har cikin lif. An yi hoto a mustashfa, wato asibiti, ba karaya, sai kumburi da ɗan baƙi a gefe. Amma zaman da na yi a kan bencin nan ina jiran sakamako, A'i, ba na yi wa kowa fatansa. Shi kuwa Baba yana can ciki yana yi wa nas bayani cewa laifinsa ne, ya bar nauyinsa a dunduniya.

Washegari na sami Ustaz Yunus. Ɗan siririn mutum ne, Larabcin Jidda a bakinsa ya fi nawa. Na yi masa jawabi mai tsari, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na ce halas, magana ta ƙare, kada ya sake karɓar mahaifina. Ya buɗe baki zai ce wani abu, na ce na gode, na shige mota. Na sallami mai tasi. Na sa Luba ta isar da hukuncin a matsayin umarnin likita, wanda in aka duba da idon rahama ba ƙarya ce zalla ba.

Baba ya daina zuwa filin. Gida ya yi tsit, labule ya huta, ni ma na koma karatuna. Kwana biyun nan ba ya cinye abincinsa, kuma a ɗaki yake salla, amma ina ganin gajiya ce ke sakinsa.

A gaida yara.

Yayanki,
Abdulghaffar

Jidda, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata A'i,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kai mu azumi da rai da imani.

Ba gajiya ba ce. Baba ya koma yadda yake kafin ya san Ustaz Yunus, har ya zarce, don yanzu ko tagar ba ya zuwa. Ranar Lahadi Luba ta ɗauko tiren abincinsa ko taɓawa bai yi ba, ta dire shi a kan littafin da nake karantawa, ta ce tunda ni na yanke hukunci, ni zan ci. Na je ƙofar ɗakinsa na tsaya. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, ƙafafunsa kamar na wani. Na hana shi faɗuwa ne don kada ya kwanta, ga shi a kwance.

Na koma wurin Ustaz Yunus, wannan karon ba gabatarwa. Ya faɗa mini abin da na katse masa. Wai a karawar nan tsoho yana bukatar abokin da ba ya canjawa, wanda ya san raunin jikinsa, wanda ƙashin tsohon ya fi masa nasara muhimmanci. Shi ya sa kowa ke zuwa da ɗansa ko jikansa. Thamer gurbi kawai ya cike, domin mutumin Baba bai zo ba. Kuma Baba ya sha gaya masa cewa ya aika, babban ɗansa yana nan tafe, mutum ne mai littattafai, ayyuka sun yi masa yawa. Ni ya kira, A'i, ta hanyar da kawai zai iya. Ni kuma na tura masa tasi.

Da asuba na ce wa Luba ta gaya masa mota tana ƙasa. Ya fito da jallabiyarsa a ɗaure tun daga ɗaki.

A filin, Ustaz ya tsayar da mu fuska da fuska. Ban taɓa tsayuwa haka da shi ba tun da nake. Ni ina kallon takalminsa, shi yana kallon hasumiyar masallaci. Muka haɗa wuyan hannu. Hannunsa da ɗumi, ba nauyi, ga kantar dakon da ya yi a tashar jiragen ruwa tana gogar fatata. Aka ce in tura, na kasa. Yaya mutum zai tura ubansa? Baba ya ce wa Ustaz ya gaya wa wannan cewa shi ba kiret ɗin ƙwai ba ne, yalla, maza ya tura. Tsofaffi suka bushe da dariya. Na tura. Ya ɗan juya ƙugu, na ji ba kowa a gabana, na tafi luu zan kifa. Kafin in kai ƙasa ya cafke damtsena ya tsayar da ni, kuma bai saki da wuri ba. Da ya saki, sai ya juya ya shaida wa Thamer cewa wasu mutane duk nauyinsu a ka yake.

Cinyoyina suna ciwo, matakala ta zama abokiyar gaba. Har yanzu ina ganin bai kamata dattijo ya amsa sunan zalɓe ba, kuma duk juyin da ya yi sai na tsorata. Amma ya cinye karin kumallonsa, ya nemi ƙari, kuma gobe ma da ni za a je.

Ke ce da gaskiya. Na yi kuskure.

Luba tana gaishe ki, a gaida maigida da yara.

Yayanki,
Abdulghaffar