Yau Ƙarfen Bai Same Ni Ba

Badaguishiri, daren Laraba

Alhamdu lillahi, yau na dawo ba sabon rauni. Ƙulun ranar Asabar dai yana nan a goshina, kuma Hadiza ta rantse in na sake shigo mata gida da jini, igiyar wasana ta zama ta shanyar kaya. Na san matata, za ta aikata.

Tun da malaminmu Metur Sani ya fara koya mana wasan Sinawan nan na igiya mai ƙarfe a baki, magana guda yake yi mini: "Ilu, kana fizgarta kamar ka kamo maraƙi. In ka fizge ta, sai ta rama." Da gaskiyarshi. Cikin shanu na tashi, hannuna bai san komai ba sai ja da ƙarfi.

Da safe ina ban ruwan albasa, sai na lura da yadda nake jefa guga a rijiya. Ashe ba na fizga. Sakin igiya nake ta gama tafiyarta, in ji nauyi ya zauna a hannuna, sannan in jawo. Da la'asar na gwada haka a fili. Ƙarfen ya tafi, ya dawo a hankali, igiyar ta naɗe a gwiwar hannuna. Metur bai yabe ni ba, ya ce kawai, "Sake."

Da na shigo, Hadiza ta haska fuskata da tocila, ta duba da kyau. Na dai ga ta ɗauki wankinta ta shanya bisa danga, ta bar mini igiyata.