Madara Da Ɗuminta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Sallama da gaisuwar ɗa ga uwa, tare da fatan rahamar Allah tana iske ki a makwancinki. Ɗanki Sani ne. Tun hantsi nake zarya tsakanin gidanmu na Madabo da asibiti, na kasa zama, na kasa buɗe rumfata a Ƙofar Wambai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san takardar nan ba ta da mai kai ta.

Autanki Habu ne ba lafiya. Wata biyar ke nan zazzaɓi na wasa da mu: ya kwantar da shi mako biyu, ya sake shi, mu yi murna, ya dawo. Ga gumi kamar an tsamo shi daga rijiya. Daga baya gefen cikinsa na hagu ya kumbura ya yi tauri, muka ce saifa ce irin ta kowa. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga, an sha kwinin har kunne ya toshe, shiru kake ji.

Ni kuwa na yi abin da kika koya mana. Kullum da safe sai in tatsi awakin da kika bari, in kai masa madarar da ɗuminta. Ina jin muryarki kina cewa wuta tana cinye albarkar madara, majinyaci ɗanya yake sha. Ranar da ya ƙi sha, har faɗa na yi masa.

A asibiti likita Bature ya ɗebi jininsa, ya ɗauki hoton cikin, sannan ta bakin tafinta ya tambaye ni ko awakinmu suna ɓari. Na ce e, uku sun zubar da ciki bara. Ya ce ciwon da Fulani ke kira bakkale ne, ta ɗanyar madara yake shiga mutum. Yawanci allura da ƙwayoyi suna kashe shi, amma na Habu ya taru a saifa ya yi mugunya, abin da ba kasafai ake gani ba. An yi mako uku ana allura, magani bai kai wurin ba. Yanzu sai an tsaga ciki an cire saifar, gobe da safe, in na yarda.

Ƙaninki Kawu Ilu ya ce sam, ba za a mayar wa Allah bawansa da giɓi ba. Tun jiya ba ya amsa gaisuwata.

Inna, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Likitan ya tambaya ko wani a gida ya taɓa irin wannan zazzaɓi. Na ba shi labarin jinyarki, gumin nan da ciwon gwiwa da ramar da kika yi. Ya dube ni, nan take na gane ciwon ɗaya ne. Ni nake tatso miki, Inna. Ke kina shi mini albarka, ni ina ƙara cika ƙwarya.

Da la'asar na dangwala yatsana a takardarsu ta yarda da aikin. 

Ki yafe mini wancan da ban sani ba, da wannan da na yi ina sane. Allah ya haskaka kabarinki, ya ba likitan nan sa'a. Na san kina kewar autanki, amma ki ƙara haƙuri, Inna. Allah ya jinkirta haɗuwarku.

Ɗanki mai neman gafararki,
Sani